Shekarar da Gitar Yaya Mamman Ta Dushe

Ƴaƴana, na san abin da kuka tashi kuna ji a kaina. Ba wanda ya taɓa faɗa muku shi gaba da gaba, amma kun tsince shi a wurin suna, a gidan gaisuwa, a shagunan Château Rouge na Paris in kun raka ni sayen busasshen kifi, mata su yi shiru da zarar na shigo. Cewa ake yi ni na raba Kawunku Mamman da aikinsa, na raba shi da gitarsa. Wasu su ce wani akwati na ƙera masa ya lalata masa kiɗa, wasu su ce ƙararsa na kai wajen Turawa. Yanzu hannuna ya fara rawa, idona ba ya ganin ƙananan abubuwa, shi kuma ya riga mu gidan gaskiya. Zan faɗa muku yadda aka yi, ku ji daga bakina.

Yaya Mamman ne ya fara zuwa Faransa daga gidanmu na Damagaram, shi ya yi mini hanya na biyo shi, shi ya ba da aurena ga babanku. Yana zaune a Clichy-sous-Bois, a gefen Paris, can saman wani dogon bene, da matarsa Rakiya da ƴan matansu biyu. Ranakun aiki yana shantiye, wurin gine-gine, riƙe da injin fasa kankare tun safe har yamma. Asabar da Lahadi kuwa sai ya wanke ƙurar siminti, ya sa shadda, ya rataya gita. Suna da ƙungiyar makaɗa wadda wani mawaƙi ɗan Maraɗi, Lawali, yake shugabanta, kuma da wuya a yi bikin ƴan ƙasarmu a Paris ba a kira su ba. Ku ba ku ji shi a lokacinsa ba. Gitarsa siririyar murya gare ta, tas, kamar an kaɗa kofin shayi da cokali, kowace tsirkiya ya taɓa sai ka ji ta daban. Ba ya tsayawa wuri ɗaya in yana kiɗa. Sauka yake yi ya shiga cikin mata masu rawa, doguwar waya tana jan ƙasa a bayansa, ya tsaya gaban tsohuwa ya yi ta kaɗa mata har sai ta miƙe.

Ni a lokacin muna nan unguwar Minguettes, a Vénissieux kusa da Lyon. Babanku, Malam Idi, yana tuƙa bas, ni kuma ina wata masana'anta a gefen Lyon inda ake haɗa allunan lantarki na injin hawa bene. Aikina shi ne liƙa ƙananan kaya da dalma, yini guda ina sunkuye a kan gilashin ƙara gani. Na iya bin zane, hannuna kuma yana tsaye.

A farkon wannan shekara da nake ba ku labari Yaya ya kira ni a waya. Ko gaisuwa bai bari mun gama ba.

"Abu, gitar nan ta mutu."

"Karyewa ta yi, Yaya?"

"Da karyewa ta yi ai da na huta. Muryarta ce. Kamar an lulluɓe ta da bargo. Na sake tsirkiya, na sake ampli, akwatin nan mai fitar da sauti, ba abin da ya canza. Ki zo ki raka ni wajen mai gyara, Faransancinki ya fi nawa."

Na yi mamaki, don mutumin da ya riga ni zuwa ƙasar da shekaru bai kamata ya nemi tafinta ba. Amma na hau jirgin ƙasa na je. Mai gyaran wani tsohon Bature ne a wajen Pigalle cikin Paris, shagonsa ƙanƙane, yana warin dalma da ƙura. Ya sa Yaya ya shimfiɗa kayansa kamar yadda yake yi a wurin biki: gita, sai doguwar wayar nan, sai jerin fedal, wato ƙananan akwatunan da ake takawa da ƙafa su sauya sauti, sai wata wayar, sannan ampli. Tsohon ya kaɗa, muka ji. Ya zare komai, ya haɗa gitar da ampli kai tsaye da wata guntuwar waya, ya sake kaɗawa. Ni da ba makaɗiya ba sai da na ji bambancin, kamar an buɗe taga.

Ya yi mana bayani, ina maimaita wa Yaya da Hausa kusa da kunnensa, don Yaya ya ce ƙarar titi tana damunsa. Tsohon ya ce abin da ke fitowa daga gitar lantarki rarrauna ne, ba ya jure tafiya. Kowane taƙi na waya yana shanye wani abu daga cikinsa, kuma siririn sautin yake fara sha, ya bar mai kaurin. Ga waya mai tsawon igiyar guga, ga fedal bi da bi kowanne da ƴar wayarsa, kafin sautin ya kai ampli an gama tatse shi. Maganin, in ji shi, wani ɗan abu ne da suke kira bafa. Ba ya ƙara ƙara, ba ya sauya murya, ƙarfi kawai yake ba sautin ya ratsa wayar bai zube a hanya ba. Amma dole a sa shi kafin doguwar wayar, ba bayanta ba. Waɗanda yake sayarwa na ajiyewa a ƙasa ne tare da fedal, mai yawo cikin jama'a kuwa sai wanda zai rataya a jikinsa. Ya nuna wani tsohon fedal mai sa gita gurnani, ya ce wannan ba ya shiri da bafa a gabansa, a cire shi daga jerin. Da ya ji irin aikin da nake yi sai ya zana mini yadda ake haɗawa, ya zuba mini kayan a tafin hannu. Ba su cika cokali ba.

A teburin kicin ɗinmu na haɗa shi, wata Lahadi bayan azahar, cikin gwangwanin alewar tari. Na huda shi gefe biyu don waya, na sa batir, na yi masa maƙali yadda zai zauna a maratayin gita. Babanku ya leƙo ya tsaya yana kallo.

"Wanga ɗan abu ne zai tayar da gitar da ta mutu?"

"In Allah ya yarda, Malam."

"To Allah ya sa. Ni dai kiɗa bai dame ni ba, amma Yaya Mamman ba shi da walwala kwanakin nan."

Na ji daɗin aikin nan fiye da yadda zan iya faɗa muku. Tun da na zo ƙasar nan Yaya ke yi mini, ban taɓa samun abin da zan yi masa ba sai ranar.

A falonsu na Clichy muka gwada. Lawali ya zo, Rakiya tana kicin tana girki. Yaya ya jona komai ba tare da bafa ba, ya kaɗa, sautin ya fito a toshe. Na maƙala masa gwangwanin, na mayar da wayar, ya sake kaɗa abin da ya kaɗa ɗazu. Lawali ya yi tsalle daga kujera. Rakiya ta fito da ludayi a hannu tana cewa, "Ta dawo! Wallahi ta dawo!" Ni kuwa fuskar Yaya nake kallo, don ita nake jira. Bai yi murmushi nan da nan ba. Sai da ya dubi Lawali, ya dubi matarsa, ya dube ni, sannan ya yi.

"Eh, ta ɗan dawo," in ji shi. "Sannu da aiki, Abu."

Ya miƙa hannu ya ƙara murɗa maɓallin siririn sauti a jikin ampli. Lawali ya ce ai ya isa haka, ya yi kamar bai ji ba. Can tukunyar kokot, mai dafa abinci da tururi a rufe, ta fara fito a kicin, irin fiton nan mai shiga kai. Rakiya ta tafi amsa waya, ta ɗaga murya ta ce Yaya ya rage mata wuta, shi ne kusa da ƙofa. Bai motsa ba. Ni na tashi na rage. A jirgi ina komawa Lyon abin ya yi ta dawo mini, na yi ta kore shi.

Da bazara aka kira su biki a nan Vénissieux, ɗiyar wani Alhaji ɗan Tawa ce ta yi aure. An kama babban zaure, mutane sun zo daga Paris, daga Marseille, har daga Beljik. Na yi ta gaya wa ƙawayena su zo su ji wana. Bayan la'asar aka fara. Waƙar farko lafiya lau, don Lawali ne ya daidaita ampli da kansa. A ta biyu na ga Yaya ya koma baya ya taɓa maɓallin. A ta uku ya sake komawa ya murɗe shi har ƙarshe, ya ƙara na ƙarfin sauti, sannan ya sauko cikin jama'a kamar yadda ya saba. A da, doguwar wayar nan tana rage kaifin duk abin da ya murɗa. Yanzu ba abin da ke ragewa, gwangwanina yana kai komai ampli yadda ya fito. Sautin da ya tashi a zauren nan kamar ana yanka kwano da zarto. Tsofaffi suka toshe kunne da mayafi, jarirai suka fashe da kuka, masu rawa suka ja da baya suka bar fili. Shi kuwa idonsa a lumshe, yana murmushi, yana tafe yana kaɗawa, don a karon farko cikin dogon lokaci yana jin wani abu daga gitarsa. Ya je gaban uwar amarya ya rusuna yana yi mata kiɗa, ita kuma tana kare fuska da hannu. Lawali ya daka masa kira, bai juyo ba. Sai Lawali ya je ya zare wayar daga ampli.

Shirun da ya biyo baya ya fi ƙarar muni. Yaya ya buɗe ido ya ga yadda ake kallonsa. Na ga lokacin da ya gane. Ya kai hannu kafaɗa, ya fizge gwangwanin, ya ɗaga shi sama.

"Wanga abu ne! Akwatin Zainabu ne ya ɓata mini kaya!"

Kowa ya juyo gare ni. Ban musa ba. Wana ne, a gaban jama'a yake, kuma na fi son a yi mini dariya da a yi masa. Daga nan labarin akwati ya samo asali.

A gidanmu ya sauka. Washegari da safe babanku yana falo, ku kuna ɗaki, Yaya yana zaune a kicin ya ba ni baya yana shan shayi. Ina da ƴar na'urar awo ta wurin aiki, mai tsinke biyu, in ka haɗa bakinsu sai ta yi tsuwa. Na tsaya dab da bayansa na haɗa su. Na riƙe, tana ta tsuwa. Babanku daga falo ya ce, "Mene ne ke kuka haka?" Yaya ya ci gaba da kurɓar shayinsa. Na zagayo na zauna gabansa, na ajiye na'urar a tsakaninmu, na haɗa tsinkayen yana gani.

"Yaya, kana jin wani abu?"

Ya dubi na'urar, ya dubi bakina.

"Tun yaushe?" na tambaye shi.

"Ya daɗe. Da farko kamar gyare ne ke kuka a kunnena, dare da rana. Daga baya tsuntsaye suka daina kuka. Muryar mata ta fi ba ni wuya. In ba ina kallon bakin mutum ba, rabi nake ji." Ya juya kofin a hannunsa. "Na san ba akwatinki ba ne, Abu. Da na ga sun yi murna a Clichy na san aikinki ya yi. Ni ne ban ji komai ba."

Na yi kuka, ya bar ni na yi. Sannan na tambaye shi aiki. Ya ce an ɗauke shi daga injin fasa kankare saboda kafaɗarsa, an mayar da shi ƙasa, inda manyan kamiyo, motocin ɗaukar kaya, ke shiga da fita. Na san wuraren nan. Kamiyo in zai ja da baya tsuwa yake yi don a kauce, siririya, irin ta na'urar da ke gabanmu. Na tambaye shi ko yana jin ta. Ya ce yana lura da ido. Na tambaye shi likitan ma'aikata fa, ba ya auna su? Ya ce awon da ya wuce kallon hannun matar da ke awon ya yi ta gilashi, in ta motsa sai ya danna maɓalli kamar ya ji sautin, na bana kuma ya san yadda zai yi ya kauce masa.

"In suka sani sun sallame ni. Wa zai ɗauki kurma a shekaruna? Lawali ma in ya tabbatar, shi ke nan. Ki rantse mini ba za ki gaya wa kowa ba."

"Ba zan rantse ba, Yaya."

"Ni nake roƙonki."

"Ka roƙe ni komai ban da wannan. Ka je da ƙafarka ka faɗa musu, ya fi maka daraja. Zan raka ka asibiti, zan yi duk abin da ka ce. Amma ba zan rantse in zauna ina jiran a kira ni a waya ba."

Ya tashi ya haɗa kayansa. Babanku ya kai shi tasha.

Na jira shi. Na yi ta kiransa, in ya ɗauka sai ya ce yana nan yana shiri. Damina ta ƙasarmu ta wuce, ganyen itatuwan nan ya fara zuba, bai je ba. Rannan muna hira da Rakiya a waya, cikin zance take gaya mini Yaya ya dawo da rigar aikinsa a yage, kafaɗarsa ta yi baƙi, wai gefen kamiyo ne ya goge shi, wani ɗan Mali da suke aiki tare ya fizgo shi, shi ma ya faɗi ya gurɗe hannu. Tana faɗa tana gode wa Allah, kamar abin da ya wuce. Ni kuwa na san bai wuce ba.

Na gaya wa babanku abin da nake niyya. Bai goyi bayana ba da farko, kada ku ce ya goya.

"Zainabu, wanki ne. Shi ya aurar da ke. In kika yi wannan ba zai ƙara kallonki ba, mutanenmu kuma ba za su ce kin cece shi ba, cewa za su yi kin tona masa asiri."

"Na sani, Malam."

"To ki ƙara ba shi lokaci."

"Wancan karon wani ya fizgo shi. In mai fizgowar ne kamiyon ya taka fa? Shi ma yana da ƴaƴa."

Sai ya ce, "Ki fara zuwa wajen matarsa. Kada ta ji a bakin wani."

Na je Clichy ranar aiki, lokacin da na san ba ya gida. Rakiya ta saurare ni har na gama. Ashe ta sani. Mace ba ta kwana ɗaki ɗaya da mutum ba ta san ba ya jin ta ba. Ta ce ita ke tashinsa da safe don ba ya jin agogo, ita ke amsa masa waya ta ce yana wanka. Ta kama hannuwana biyu.

"Abu, ki rufa mana asiri. Aikin nan da gitar nan su ne shi. In aka karɓe su, gawa za a bar mini a ɗaki tana numfashi."

"In ba a karɓe ba, Rakiya, gawar da ba ta numfashi za a kawo miki."

Ta sake ni. Ta ce in fita mata daga gida, na fita. A bakin benen na tsaya, na kira ofishin likitan ma'aikatansu. Na faɗi sunana, na faɗi ko ni wace ce gare shi, ban ɓoye ba. Na ce wana ba ya jin tsuwar kamiyo, a auna shi da kyau, kada a bar shi ya ga hannun mai awo. Da yamma na kira Yaya na gaya masa abin da na yi, da ƙarfi, yadda zai ji. Ya ji. Ya kashe wayar.

Abin da Rakiya ta faɗa ya tabbata, abin da babanku ya faɗa ma ya tabbata. Aka auna shi, aka ce ba zai ƙara shiga shantiye ba. Suka ba shi wani aiki a ɗakin ajiyar kaya, bai daɗe ba ya bari, ya ce ba zai zauna yana ƙirga safar hannu kamar tsohuwa ba. Magana ta fita, kafin sanyi ya shigo Lawali ya ɗauki wani saurayi a gita. Asibiti suka ba shi na'urar ji ta saƙalawa a kunne. Ta taimake shi wajen magana, amma ya ce da ita gita kamar gwangwani take a kunnensa, ya jingine ta bayan kabad. Ya daina zuwa biki, ya daina zuwa Château Rouge hira, sai masallaci sai gida. Mutumin da in ya shigo wuri sai kowa ya sani, ya koma zama bakin taga yana kallon filin ajiye motoci. Wani ɗan garinmu ya je ba shi haƙuri a kaina, ya ce masa, "Ba ni da ƙanwa a Lyon."

Haka muka zauna shekara da shekaru. Duk sallah ina kira, Rakiya ta ɗauka ta ce yana barci. Da innarmu ta rasu a Damagaram aka yi zaman gaisuwa a gidansa, na shiga na durƙusa gabansa, ya amsa wa na damana, ya amsa wa na haguna. Da aka aurar da ƴan matansa a bakin mutane na ji. Kun tuna kuna tambayata me ya sa ba ma zuwa Paris hutu kamar da, ina ce muku aiki ne ya yi yawa. Na rasa ƙawaye, na rasa gidan da nake kira gida a ƙasar nan. Sau da yawa ina sunkuye a kan aikina sai hawaye ya ɗiga a kan allo, in goge in ci gaba. Amma ko sau ɗaya ban ce da ma ban kira ba. Ya ga auren ƴaƴansa, ya ɗauki jikokinsa a cinya, ya yi furfura. Bai ji daɗin shekarun nan ba, wannan gaskiya ne, kuma da hannuna a ciki. Sai dai ya yi su.

Ciwon hanta ne ya kwantar da shi a ƙarshe. Rakiya da kanta ta kira ni, karon farko tun ranar da ta kore ni. Ta ce, "Ki zo. Bai ce ki zo ba, amma ki zo." Na same shi a wani asibiti a gefen Paris, da rana, su biyu a ɗaki da wani Balarabe, labule a tsakaninsu. Ya rame har na kusa kasa gane shi. Ba na'ura a kunnensa, ta dame shi a kan matashi an cire. Rakiya ta taɓa kafaɗarsa ta nuna ni. Ya dube ni, bai kawar da kai ba. Na ja kujera na zauna, na sunkuya kusa da shi.

"Yaya, mu yafi juna."

Ya kalli bakina, ya girgiza kai alamar bai gane ba. Na ƙara murya na maimaita.

"Mi?" in ji shi.

Na dubi labulen, na dubi ƙofa a buɗe. Irin maganar nan a hankali ake yin ta, amma ba ni da wata hanya. Na sa bakina a kunnensa na faɗa da iyakar ƙarfina, har Balaraben ya yi tari, wata ma'aikaciya ta leƙo ta ga ko lafiya. Yaya ya daɗe yana kallon rufin ɗakin. Sannan ya ce, da irin muryar nan ta waɗanda ba sa jin kansu:

"Bakinki ba ya riƙe magana, Abu. Tun kina ƙarama."

Ya lalubo wuyan hannuna ya riƙe. Na jira ya ƙara wani abu, bai ƙara ba. Yana riƙe da ni har barci ya ɗauke shi, har hannuna ya mutu, ban zare ba sai da aka ce lokacin ziyara ya ƙare. Kafin in sake dawowa ya cika.

Iyakar amsar da na samu ke nan. Na juya ta a raina ta kowace fuska, wata rana in ji ta kamar yafiya, wata rana in ji ta kamar hukunci. In kuna ba ƴaƴanku labarin nan, ku faɗe ta yadda ya faɗe ta, kada ku gyara masa.